Alfa-lipoyik asid: aikin da yake yi a cikin jiki da yadda ake shan sa ba tare da an jawo wa kai matsala ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san wuta ba ta ci ba tare da tartsatsi ba. Haka abin yake a cikin jikin ɗan Adam. A kusan kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona suga da kitse da taimakon iskar da muke shaƙa don a samu ƙarfi. Wannan ƙonawa tana fitar da tartsatsinta, wato sinadaran da masana ke kira firi radikal. Idan suka yi yawa sai su far wa kitsen da ya lulluɓe ƙwayar halittar, su lalata furotin, su taɓa DNA. Irin abin da ke sa ƙarfe tsatsa ne, kuma shi ke sa man gyaɗa ya canza wari idan ya daɗe a buɗe.

Jiki bai zauna haka kawai ba, yana da masu kashe tartsatsin, waɗanda ake kira antioksidan. Bitamin C yana aiki a inda ruwa yake, bitamin E yana tsare inda kitse yake, sai gulutatayon, wanda ƙwayar halitta ke haɗawa da kanta, kuma shi ne babbansu a cikin gida. Matsalar ita ce duk wanda ya kashe tartsatsi ɗaya a cikinsu, cajinsa ya sauka, ba zai ƙara wani aiki ba sai an mayar masa da abin da ya bayar. A nan alfa-lipoyik asid ke shigowa, wani sinadari da jiki ke yin ɗan kaɗan, ake kuma sayar da shi a kafso. Yana ɗauke da ƙwayoyin zarra biyu na farar wuta a maƙale da juna. Da ya shiga ƙwayar halitta sai a raba su, ya koma wani abu da ake taƙaita sunansa da DHLA, kuma wannan ne ke iya sake cajin bitamin C da gulutatayon da wani ɗan'uwansu mai suna ko'enzayim Q10. Bitamin C kuma shi ke tayar da bitamin E. Ga shi yana iya zama a ruwa, yana iya zama a kitse, abin da ya sa Lester Packer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yayata shi a shekarun 1990 a matsayin mai shiga ko'ina.

Sai dai akwai abin da masu talla ba sa son faɗa. Lipoyik iri biyu ne a jiki. Akwai wanda jiki ke ƙerawa da kansa a cikin mitokondiriya daga wani ɗan gajeren kitse, ya ɗaure shi a jikin wasu enzayim, wato furotin masu gudanar da ayyukan ƙwayar halitta, kamar wanda ke karɓar abin da ya rage daga suga ya tura shi cikin murhu. Wannan ba ya yawo, ba ya farautar tartsatsi, sashe ne na injin. Ɗan kaɗan ne ƙwarai. Lokacin da Lester Reed da abokan aikinsa suka fara tace shi a Amurka a 1951, sai da suka sarrafa kusan tan 10 na tukar hantar shanu kafin su samu miligiram 30 kacal. Mai lafiya ba ya rasa shi, shi ya sa ba a lissafa shi cikin bitamin.

Na biyu shi ne wanda ake haɗiya a kafso, wanda ke shiga jini a sake. Kusan kashi 30 cikin 100 na abin da aka sha ne ke isa jini, saboda hanta tana tare kaso mai yawa tun a hanya. Yana kai ƙololuwa cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma duk bayan kamar rabin awa rabinsa ya tafi. To abin da ba ya daɗewa haka, ta yaya zai tsaya gadin jiki yini guda? Amsar da masu bincike suka fi karkata gare ta ita ce babban aikinsa na ɗan aike ne. Yana taɓa wani makunni a cikin ƙwayar halitta mai suna Nrf2, shi kuma ya umarci ƙwayar ta ƙera nata makaman kariya. Yana kuma ƙara shigar sistin, wanda shi ne kayan haɗin da ya fi ƙaranci wajen yin gulutatayon. Wato shi ya wuce, amma umarnin da ya bari yana ci gaba da aiki. Wannan bayani ne ya sa shan sa sau ɗaya a rana ke da ma'ana, kuma shi ya sa linka adadin ba ya linka amfani.

Kada kuma a ɗauka duk tartsatsi abokin gaba ne. Fararen ƙwayoyin jini da shi suke kashe ƙwayoyin cuta, tsoka kuma da shi take gane cewa an motsa ta, ta ƙara ƙarfi. A 1994 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a ƙasar Finlan kan maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ga waɗanda aka ba ƙarin beta-karotin, wani antioksidan, sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kusan kashi 18 cikin 100. Ba lipoyik aka gwada ba, amma darasin ya shafe shi: kalmar "antioksidan" a jikin kwalba ba hujja ba ce.

Wa ya kamata ya yi tunanin shan sa

Inda aka fi gwada shi a jikin mutane shi ne lalacewar jijiyoyin ji da ciwon suga ke kawowa. Masu fama da ita sun san ta: tafin ƙafa yana zafi kamar an zuba barkono, ana jin sukar allura, yatsu su yi minjirya, da dare abin ya fi tsanani har zanen rufa ya zama abin gudu. Yawan suga a jini na sa murahun nan su yi ta zubar da tartsatsi, ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiya su raunana. A Jamus an daɗe da yi wa lipoyik rajista a matsayin magani don wannan larura, ana kiran sa tiyoktik asid, kuma Thioctacid na cikin sanannun sunayensa na kasuwa. A Amurka kuwa ƙarin abinci ne kawai, ba a amince da shi a matsayin maganin wata cuta ba.

Farfesa Dan Ziegler na Cibiyar Ciwon Suga ta Jamus da ke Dusseldorf ya jagoranci manyan gwaje-gwajen. A gwajin ALADIN na 1995, mutum 328, an ba da shi ta jijiya kullum na mako 3, miligiram 600 ya rage zafi da suka. A SYDNEY 2 na 2006 an ba mutum 181 ta baki na mako 5, an kasa su: masu shan 600, masu 1,200, masu 1,800, da masu shan ƙwayar da babu magani a cikinta. Duk rukunin ukun alamominsu sun ragu da kusan rabi, masu ƙwayar banza kuma da kusan kashi ɗaya cikin uku. A lura da abu biyu a nan. Na farko, 1,800 bai fi 600 aiki ba, tashin zuciya da amai da jiri kawai ya ƙara. Na biyu, tazarar da ke tsakanin maganin da ƙwayar banza ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Da aka yi dogon gwaji, NATHAN 1, mutum 460 na shekara 4, wanda aka buga a 2011, bai cim ma babban ma'aunin da aka sa masa ba, ko da yake an ga ɗan sauƙi a wasu ƙananan ma'aunai. A 2024 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen da suka kai wata 6 ko fiye, ta ce da alama tasirinsa kan alamomin kaɗan ne ko babu.

Hukuncin da ya dace da wannan shi ne: abu ne da mai ciwon suga da ƙafarsa ke damun sa zai iya gwadawa na ƙayyadadden lokaci da sanin likitansa, ba abin da za a ɗaura wa rai har abada ba. Batun rage ƙiba kuwa, da aka haɗa gwaje-gwaje da dama, bambancin bai wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Saurayi lafiyayye da ke son "wanke jini" da shi, kuɗinsa ya fi amfani a wajen mai kayan miya.

Abin da za a duba kafin a sayo

Ba duk zafin ƙafa ne na suga ba, ko da a wajen mai suga. Wanda ya shekara da shekaru yana shan maganin suga metfomin, bitamin B12 ɗinsa na iya yin ƙasa, kuma ƙarancinsa na kawo irin wannan minjirya da rashin ji. Lipoyik ba ya gyara wannan, B12 ke gyara shi, kuma jinkiri na iya sa lalacewar ta zauna. Mai shan maganin tarin fuka da ke ɗauke da isoniyazid, bitamin B6 yake buƙata. Ciwon ƙoda, shan barasa, ƙanjamau da kuturta duk suna taɓa jijiyoyi. Saboda haka a fara da gwajin jini: HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, da B12, da aikin ƙoda. Idan HbA1c na can sama da kashi 9 cikin 100, kafso ɗin lipoyik tamkar yayyafa ruwa ne a gobarar da ake ƙara wa itace. Ga mafi yawan manya masu ciwon suga, abin nema shi ne ƙasa da 7.

A kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna duk abin da ake sha, har da na gargajiya, musamman masu sauke suga.

A wajen saye, a karanta cikakken suna. A jikin kwalba za a ga Alpha Lipoic Acid, wani lokaci a taƙaice ALA. Akwai wani abu daban, alfa-linolenik asid, wani nau'in mai na omega 3, shi ma ALA ake taƙaita shi, kuma ba su haɗa komai ba sai haruffa. A duba miligiram nawa ne a kafso ɗaya, don da yawa daga haɗe-haɗen "maganin jijiya" da ke kemis miligiram 100 kawai suke da shi, a cakuɗe da bitamin B iri-iri. Wanda ya ce zai sha shida don ya cike 600 ya linka B6 sau shida, shi kuwa B6 idan ya yi yawa na tsawon lokaci, da kansa yake lalata jijiya. A Najeriya a nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Za a kuma ci karo da mai harafin R a gaban suna, mai tsada. Sinadarin fuska biyu gare shi, R da S, kamar hannun dama da na hagu. R ne jiki ke yi, kuma ya fi shiga jini. Amma manyan gwaje-gwajen da aka ambata da gaurayen rabi da rabi aka yi su, don haka adadin 600 na gauraye ne. Shi R zalla ba ya jure zafi, yana fara narkewa a wajen digiri 50, ya dunƙule ya zama kamar ƙaro, hanji ya kasa tsotsa. Gaurayen yana kaiwa wajen digiri 60. Motar da aka rufe a rana a Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu tana iya kai wannan zafi. Kwalbar da ta yini a gaban gilashin mota, ko a tiren mai talla, ba abin saye ba ce. Idan garin da ke cikin kafso ya daskare ya yi danƙo, a zubar.

Yadda ake sha

Miligiram 600 sau ɗaya a rana, da ruwa kofi guda cikakke, minti 30 kafin karin kumallo. Abinci na rage shigarsa jini, don haka idan safiya ta kuɓuce, a jira awa 2 bayan cin abinci. Mai raunin ciki zai iya farawa da 300 na mako guda kafin ya hau. A haɗiye shi ɗungurungum. Kada a tauna, kada a buɗe kafso a zuba a ruwa ko koko, domin asid ne, yana ƙona maƙogwaro. Kada kuma a sha a koma a kwanta nan take, ƙwannafi ke biyo baya.

Farar wutar nan da ke jikinsa tana kama ƙarfe. Idan ya haɗu a ciki da maganin ƙarin jini mai sinadarin ayon, ko magnesiyam, ko kalsiyam, sai su riƙe juna, duka biyun su tafi a banza. Madara ma na cikin wannan lissafi. Wanda ya saba karyawa da shayi mai kauri da madara, ko fura da nono, ya ba da tazarar awa 2 aƙalla. Hanya mafi sauƙi ita ce lipoyik da sassafe, maganin ƙarin jini da rana ko da dare. Mai shan levotayiroksin, maganin ƙarancin aikin tayirod da ke wuya, wanda shi ma da sassafe ake sha ciki babu komai, ya raba su da awa 4, ya kuma sanar da likitansa don a riƙa duba jininsa.

Mai amfani da insulin ko magungunan suga irin su gilibenkilamayid da gilimepirayid, ya ƙara yawan auna suga a mako biyun farko, da safe kafin ci da kuma duk lokacin da jiki ya yi wani iri. Lipoyik na ƙara wa tsoka saurin ɗaukar suga, haɗuwarsu na iya kai shi ƙasa. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urar da ke amfani da ɗaya ma'aunin, a sha suga ko zuma cokalin cin abinci ɗaya, ko rabin kofi na lemon kwalba mai suga, a sake aunawa bayan minti 15. A watan azumi lokacin da ya fi dacewa shi ne awa 2 bayan buɗe baki, lokacin da mutum ke farke kuma abinci na kusa. Fara shi sabo a tsakiyar azumi ga mai shan insulin ba dabara ba ce.

Tun ranar farko a samu ɗan littafi. Kowane dare a ba zafin ƙafa maki daga 0 zuwa 10, a rubuta ko ya hana barci. Ƙwaƙwalwa ba ta da amana a kan ciwo, kuma wanda ya kashe kuɗi yana son ya ga kamar ya samu sauƙi. A gwaje-gwajen da aka ga amfani, cikin makonnin farko ya bayyana. Idan an yi wata 2 zuwa 3 makin bai sauka ba, a daina. Ba ya buƙatar a janye shi sannu-sannu. Ko ya yi aiki, ba ya maye gurbin duba ƙafa kullum da dare, tsakanin yatsu da dunduniya, da girgiza takalmi kafin a sa, don ƙafar da ba ta ji ba ta sanin ta taka ƙaya.

Na ƙarin ruwa aikin asibiti ne. Ana zuba shi a ruwan gishiri na asibiti, a bar shi ya sauka a hankali cikin aƙalla minti 30, a lulluɓe ledar saboda haske na lalata shi, kuma ba a haɗa shi da ruwan gulukos. Ba abin da za a kira wani ya ɗaura a ɗaki ba ne.

Abin da kan faru

Mafi yawa ƙanana ne: tashin zuciya, ƙwannafi, jiri, ɗan ƙaiƙayi ko ƙuraje. Fitsari kan yi wani wari mai kama da na farar wuta, wannan ba komai ba ne, ragowar sinadarin ce ke fita. Borin jini da kumburin leɓe ko wahalar numfashi kuwa, a daina nan take a nufi asibiti.

Akwai wata matsala da ba ta cika faruwa ba amma ta cancanci a san ta, saboda tana kama har wanda ba shi da ciwon suga. Ana kiran ta cutar Hirata, da sunan likitan Japan Yukimasa Hirata da ya fara bayyana ta a 1970. A jikin wasu masu wani gado na musamman, lipoyik na taɓa ginin insulin ɗin da jiki ke yi, garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo ta riƙe shi, can daga baya ta sake shi gaba ɗaya a lokacin da ba a buƙata. Sai suga ya faɗi warwas, sau da yawa sa'o'i bayan cin abinci ko cikin dare: gumi mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ruɗewa, har suma. Yakan fara ne daga mako guda zuwa wasu watanni da fara sha. An fi ganin sa a Japan da Koriya, amma an same shi a Turai ma, har hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2021 ba za ta iya yanke wani adadi da za a ce ƙasa da shi babu wannan haɗari ba. Wanda ya ga irin waɗannan alamu ya daina, ya je asibiti, ya faɗi sunan abin da yake sha da bakinsa, domin ba kowane likita zai kawo shi a rai ba. Yawanci yana warwarewa bayan an daina.

Mai shan barasa da yawa ko wanda ya daɗe ba ya samun abinci mai kyau, bitamin B1 ɗinsa kan yi ƙasa, kuma B1 da lipoyik a injin guda suke aiki, don haka a fara cike B1. Mai karɓar maganin sankara, musamman sisfilatin, kada ya kusance shi sai da izinin likitansa, saboda yana iya rage ƙarfin maganin. Mai juna biyu da mai shayarwa su bar shi, takardar maganin ma ba ta ba su dama ba sai da umarnin likita.

Ta fuskar abinci, ana samun sa a ƙoda da zuciya da hanta, da alayyahun Turawa, burokoli da tumatir, amma a ma'aunin maikirogiram, kuma a ɗaure da furotin. Kafso ɗaya ya linka abin da ke cikin kwanon abinci sau ɗaruruwa, ba wanda zai ci hanta ya kai 600. Abin da abinci ke yi shi ne kawo waɗanda lipoyik ke yi wa caji: bitamin C daga gwaiba, lemo, garin 'ya'yan kuka, tattasai da ɗanyen zogale, bitamin E daga gyaɗa da man ja, kayan haɗa gulutatayon kuma daga ƙwai, wake, kifi da nama.

Inda haɗarin ya fi muni shi ne yara. Adadin da babba ke sha lafiya na iya jefa ƙaramin yaro cikin jijjiga, jininsa ya yi tsami, gaɓoɓin cikinsa su tsaya. An rubuta labarin wata yarinya 'yar shekara 14 da ta rasu bayan ta haɗiye kimanin giram 6, wato ƙwaya 10 masu miligiram 600. Babu wani makarinsa. A ajiye kwalbar a sama, a rufe, nesa da rana, ba a kan madubi ko cikin jakar hannu ba. Idan yaro ya kai gare ta, kada a tsaya ɗura masa man ja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada kuma a jira alamu su bayyana. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a riƙe kwalbar a hannu, a ƙirga ƙwaya nawa suka rage a ciki.